Tsakanin Mai Dukan Dabba da Mai Barinta da Yunwa: Ina Doka Ta Tsaya?

Duk lokacin da hoton wata dabba da aka azabtar ya yaɗu a kafafen sada zumunta, kiran da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowace ƙasa, wato a kamo wanda ya aikata, a ɗaure shi, a kuma ƙara wa doka kaifi yadda na baya ba zai kuskura ba. Ban ga laifin masu wannan kira ba, domin wanda ya watsa wa kare tafasasshen ruwa, ko ya sari jaki da adda don ya huce haushinsa, ya cancanci hukuncin da zai ji a jikinsa. Amma a ganina yawan shekarun ɗaurin da aka rubuta a cikin doka ba shi ne ma'aunin ingancinta ba. Masu binciken ƙorafe-ƙorafe a kan dabbobi, a ƙasashen da ake yin irin wannan aiki, sun fi cin karo da dabbar da aka bari babu abinci, babu ruwa, babu magani, fiye da wadda aka daka ko aka ƙona. Irin wannan dabba ba ta da wani amfani da ɗaurin shekara biyar da za a yi wa mai ita bayan ta mutu. Abin da zai cece ta shi ne dokar da ta ba wa hukuma ikon shiga tsakani tun tana da sauran ƙarfin tsayuwa da ƙafafunta.

Dokokin farko ba su yi wannan tunani ba ko kaɗan. A shekarar 1822 Richard Martin, ɗan majalisar dokokin Birtaniya mai wakiltar Galway a Ayilan, ya shawo kan majalisa ta amince da wata doka da ta haramta duka da cin zalin dawaki da alfadarai da jakuna da shanu da tumaki. Hukuncinta tara ce daga sule 10 zuwa fam 5, wanda kuma ya kasa biya ana iya ɗaure shi har wata 3. Karnuka da kyanwoyi ba su shiga ciki ba, sai a 1835 da aka faɗaɗa dokar, aka kuma hana wasannin haɗa karnuka faɗa da bijimi da na faɗan zakaru. Abin da ya raya dokar Martin shi ne ƙungiyar da aka kafa a Landan a 1824 don hana zaluntar dabbobi, wadda ta ɗauki ma'aikata suna zagaya kasuwanni da mahauta suna kai masu laifi gaban alƙali. Ita ce ta zama RSPCA bayan Sarauniya Biktoriya ta ba ta izinin amfani da sunan gidan sarauta a 1840. Tun daga farko ke nan an ga cewa rubuta doka daban, samun mai bin diddiginta daban.

Dokar Faransa ta 1850, wadda ake kira da sunan Janar Grammont, ta fi fito da tunanin wancan zamani a fili. Ta tanadi 'yar tara da ɗaurin kwana 1 zuwa 5 ga wanda ya ci zalin dabbar gida, amma da sharaɗin ya aikata hakan a bainar jama'a. Wanda ya ja dokinsa cikin barga ya rufe ƙofa ya yi ta jibgarsa bai taka doka ba. Ashe abin da ake karewa shi ne idon masu wucewa da tarbiyyar yaran da za su gani, ita kuwa dabbar ta zo ne a baya. Sai a 1959 aka cire wannan sharaɗi. Na tsaya a kan wannan ne saboda ragowar tunanin bai gushe ba har yau: zaluncin da ido ya gani, musamman wanda aka ɗauka a bidiyo, yana tayar da hankalin jama'a da na 'yan majalisa, wanda kuwa ke faruwa a hankali a bayan katanga babu mai yi masa zanga-zanga.

Ɗaya tushen matsalar shi ne matsayin dabba a matsayin dukiya. A 2016 wani da ake zargi da laifi ya daɓa wa wani karen 'yan sanda mai suna Finn wuƙa a Ingila, yayin da karen ke kare ɗan sandan da ke riƙe da shi, kuma tuhumar da aka yi wa maharin game da karen ita ce lalata dukiya, irin wadda ake yi wa wanda ya fasa tagar mota. Fushin da wannan ya jawo ne ya haifar da dokar 2019 mai ƙara kariya ga dabbobin da ke aiki da jami'an tsaro. Wasu ƙasashe sun riga sun gyara kundin dokokin mu'amalarsu don su ce dabba ba kaya ba ce: Ostiriya a 1988, Jamus a 1990, Suwizalan a 2003, Faransa a 2015. Jamus ta sanya kare dabbobi cikin kundin tsarin mulkinta a 2002, yarjejeniyar Lisbon ta Tarayyar Turai kuma, wadda ta fara aiki a 2009, ta amince cewa dabbobi halittu ne masu jin zafi da daɗi. Waɗannan kalmomi suna da daraja, kuma alƙalai kan jingina da su, sai dai kada a zuzuta su, domin waɗannan kundaye da kansu sun ci gaba da cewa ƙa'idojin dukiya ne ke aiki a kan dabba matuƙar babu wata doka ta musamman. Ana saye, ana sayarwa, ana gado, kamar da.

Sakaci yana da wuyar kamawa ne saboda ba shi da rana ɗaya da za a nuna a ce ga lokacin da aka aikata laifin. Kofaton doki yana tsiro kullum, abin da bai kai santimita ɗaya ba a wata, kuma dokin da ke yawo a ƙasa mai tauri yana cinye shi da tafiya, wanda ke ɗaure kuwa sai an riƙa datse masa duk bayan makonni shida zuwa takwas. Idan aka bar shi tsaye a turke a kan kashinsa da fitsarinsa, kofaton zai yi ta tsawo har ya lanƙwashe ya kalli sama, nauyin jikin ya koma kan dunduniya, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, tsayuwa ta zama azaba. Daga nan sai dokin ya riƙa yawan kwanciya, fatar ƙugu da ta gwiwa ta saɓule, miki ya buɗe. Haka abin yake ga ɗan kwikwiyon da aka ɗaura wa igiya ko sarƙa a wuya aka manta ba a sassauta ba: yana girma wuyan na kauri, igiyar na nutsewa cikin nama har fata ta rufe ta, ƙuda ya yi ƙwai a wurin, tsutsa ta fito. Babu wanda ya ɗaga sanda a duka misalan biyu, kuma mai dabbar zai iya rantsuwa cewa bai taɓa dukanta ba, ya kuma yi gaskiya.

Masu karatun addinin Musulunci sun san cewa wannan laifi ba sabon ganowa ba ne. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa bai ce ta dake ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Malaman fiƙihun Malikiyya sun fitar da hukunci mai ban sha'awa a kan haka, inda suka ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci, idan kuma ya ƙi ko ya gaza, a sayar da ita, haka nan idan ya dage da ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Abin da ya ja hankalina shi ne maganin da suka zaɓa, domin sun fara duba yadda za a raba dabbar da hannun da ke cutar da ita kafin maganar horon mai ita. Dokokin zamani sun daɗe suna kewaye kafin su iso wannan wuri.

Dokar Ingila ta 1911 ta riga ta haramta jawo wa dabba wahala ta hanyar ƙin yin abin da ya kamata, amma sai an tabbatar wa kotu cewa dabbar ta riga ta wahala. Sakamakon haka shi ne mai bincike zai iya zuwa ya tarar da garke a wurin da babu inuwa, kwamin ruwa a bushe, harawa ta kusa ƙarewa, ya san sarai abin da zai faru nan da wata guda, amma ba shi da abin yi illa ya ba da shawara ya tafi, ya dawo bayan haƙarƙari ya fito a ƙirga. Ihu bayan hari ke nan, kuma dokar ce da kanta ta tilasta hakan. Sauyin tunani ya faro ne daga gonaki. A 1965 wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell ya binciki kiwon zamani na cunkoso, ya ce mafi ƙarancin abin da dabba ke buƙata shi ne ta iya tashi tsaye, ta kwanta, ta juya, ta lashi jikinta, ta miƙe ƙafafunta. Duk wanda ya karanta wannan jeri zai gane halin da dabbobin ke ciki a lokacin, tun da har sai da aka kafa kwamiti ya roƙa musu damar juyawa. Daga wannan rahoto ne aka gina ƙa'idoji biyar na jin daɗin dabba da aka fitar a 1979, waɗanda suka zama abin dogaro a duniya, har Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ɗauke su cikin ƙa'idojinta.

Dokar Ingila da Wales ta 2006 ta mayar da waɗannan ƙa'idoji wajibi a kan duk mai riƙe da dabba, kuma a nan ne nake ganin an yi aikin da ya fi kowanne muhimmanci. Sashe na 9 ya ce dole mai dabba ya ɗauki matakan da suka dace don biya mata buƙatar mazauni mai kyau, da abincin da ya dace da ita, da damar yin ɗabi'unta na halitta, da zama tare da 'yan uwanta ko nesa da su gwargwadon jinsinta, da kariya daga ciwo da rauni da cuta. Gazawa a wannan laifi ne ko da dabbar ba ta fara wahala ba tukuna. Sashe na 10 kuma ya ba wa mai bincike ikon rubuta takardar gyara, wadda ke bayyana abin da aka gaza yi, da matakin da za a ɗauka, da wa'adin da aka bayar. Wanda ya gyara cikin wa'adin ba za a gurfanar da shi a kan wannan gazawar ba. Mutane da yawa za su ga wannan a matsayin sassauci, ni kuwa ina ganinsa a matsayin hikima, domin mutumin da aka ba kwanaki kaɗan ya kafa rumfa ya kira likitan dabbobi ya fi saurin motsawa fiye da wanda aka aika wa sammaci zuwa zaman kotun da ba za a yi ba sai bayan watanni. Ba Ingila ce ta fara ba, domin dokar Jamus da ta Niyu Zilan ta 1999 duk sun ɗora irin wannan nauyi a kan mai kiwo, Suwizalan ma tun 2008 ta hana ajiye wasu dabbobi masu rayuwar garke su kaɗai.

Idan magana ta kai kotu, shaidar likitan dabbobi ce ƙashin bayan shari'ar, tun da wadda aka zalunta ba ta da bakin magana. Kariyar da masu laifi suka fi kawowa ita ce dabbar tsufa ne ya kama ta, ko wata cuta ce ke cin ta, ba yunwa ba. Don haka likita kan fara da auna ƙibar jiki bisa ma'auni sananne, kamar na dawaki da aka wallafa a Amurka a 1983, mai hawa daga 1 zuwa 9, inda ake shafa wuya da kafaɗa da haƙarƙari da gadon baya da gindin wutsiya don jin kitsen da ya rage. Sannan sai a ɗauki jini, a duba haƙora da tsutsar ciki, a fara ba ta abinci na yau da kullum ana auna nauyinta duk mako. Idan ta murmure da abinci da ruwa kawai, ba tare da wani magani na musamman ba, jikinta ya ba da shaidar da babu lauyan da zai iya rushewa. Wannan ciyarwa tana buƙatar haƙuri, domin dabbar da ta daɗe cikin yunwa idan aka cika mata hatsi lokaci ɗaya gishirin jininta na iya rikicewa zuciyarta ta tsaya, shi ya sa ake ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. Idan kuwa gawa aka tarar, likita kan fasa ƙashin cinya ya duba ɓargo, saboda kitsen ɓargo shi ne na ƙarshe da jiki ke cinyewa, kuma idan ya narke ya zama ruwa-ruwa an san yunwar ta daɗe. A tumbinta ma akan sami ƙasa da itace da leda, abubuwan da ta haɗiya don cikinta ya daina ƙugi.

Ta fuskar hukunci, ƙasashe da dama sun ƙara shi sosai a 'yan shekarun nan. Sikotilan a 2020, sannan Ingila da Wales a 2021, sun kai mafi girman hukuncin zalunci zuwa shekara 5, alhali a Ingila a baya wata 6 ne kacal. Faransa a dokarta ta Nuwamba 2021 ta sanya ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000, idan kuma dabbar ta mutu ya kai shekara 5 da yuro 75,000, kuma yasar da dabba yana cikin laifuffukan da wannan sashe ya ƙunsa. Jamus tana da shekara 3. A Amurka, jihar Dakota ta Kudu ce ta ƙarshe cikin jihohi 50 da ta mayar da mummunan zalunci babban laifi a 2014, a 2019 kuma aka yi dokar tarayya mai ɗaurin har shekara 7 ga masu murƙushe dabba ko ƙona ta ko nutsar da ita da gangan. Tun 2016 hukumar FBI ke tattara alƙaluman zaluntar dabbobi a matsayin rukuni mai zaman kansa, saboda alaƙar da aka lura da ita tsakaninsa da cin zarafin mutane a cikin gida. Amma ya kamata a lura cewa dokar tarayyar Amurka ta 2019 ba ta taɓo sakaci ba, ƙarin da Ingila ta yi a 2021 ma bai shafi sashe na 9 na dokar 2006 ba. Gyaran ya tafi ne wajen laifin da ke shiga labarai.

A ɗaya ɓangaren akwai dokokin da zamani ya cinye hukuncinsu. Dokar Indiya ta 1960 ta tanadi tarar rupi 10 zuwa 50 ga wanda ya yi laifin karon farko, abin da ya sa masu gabatar da ƙara kan koma ga kundin laifuffuka na gama-gari, mai hukunta kashe dabba ko naƙasa ta, idan suna neman hukunci mai nauyi. Tsohon kundin laifuffuka na kudancin Najeriya, a sashe na 495, ya tanadi ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50. A ranar da aka rubuta waɗannan lambobi kuɗi ne masu ciwo, yau kuwa ɗan sanda ba zai ɓata takardarsa a kansu ba. Kuskuren shi ne daskarar da adadi a cikin jikin doka, inda ba ya canzuwa sai majalisa ta zauna, majalisa kuwa tana da abubuwan da ta fi damuwa da su. Finlan ta ɓullo da wata dabara tun 1921, Jamus ma tana amfani da ita, inda alƙali ke yanke tara da adadin kwanaki gwargwadon girman laifi, sannan a lissafa kuɗin kowace rana gwargwadon samun mai laifin. Ta haka tarar ba ta tsufa, kuma attajiri mai barga cike da dawaki ba zai biya abin da mai jaki ɗaya zai biya ba.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da masu kiran a tsananta ba su cika tsayawa a kanta ba, wato su wane ne masu sakacin. Akwai wanda ya sayi dabba don sha'awa bai san buƙatunta ba, kuma irinsa ne Faransa ta nufa da ta wajabta wa mai son karɓar kare ko kyanwa ya sa hannu a takardar sanin nauyin da zai ɗauka kwana 7 kafin a miƙa masa. Akwai dattijon da ƙarfinsa ya ƙare ko hankalinsa ya fara gushewa, dabbobinsa suka rame tare da shi. Akwai masu tara dabbobi da yawa a gida da sunan ceto har abin ya fi ƙarfinsu, suna zaune cikin ƙazanta da gawarwaki suna kuma rantsuwa cewa babu mai son dabbobin kamarsu. Wannan yana da alaƙa da larurar ƙwaƙwalwa ta tara kaya da likitoci suka amince da ita a matsayin cuta, kuma idan aka ɗaure irin wannan mutum aka sake shi ba tare da magani da sa ido ba, sake tarawa zai yi. Sannan akwai matalaucin da dokinsa ko jakinsa ne hanyar cin abincin iyalinsa, wanda ya ga gyambon da akumari ya yi a bayan dabbar, ya kuma san hutu take buƙata, amma hutunta na mako guda yana nufin gidansa ba a ɗora tukunya ba. Ba na cewa talauci ya wanke shi, domin zafin gyambon bai ragu ba don mai dabbar matalauci ne. Ina cewa ne tarar da za ta ƙara tsiyata shi a jikin dabbar za ta ƙare, alhali gyaran shimfiɗar kaya da maganin miki da ƙayyade nauyin lodi za su yi mata amfani tun daga ranar. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta amince da su a 2016 kan dawaki da jakuna da alfadarai masu aiki sun karkata ne ga irin waɗannan matakai. Wanda ya cancanci cikakken nauyin doka shi ne mai hali da sani, wanda ya lissafa ya ga cewa barin wasu dabbobin su mutu ya fi masa araha a kan kiran likita.

Hukunce-hukuncen da suka fi kare dabba kai tsaye su ne ƙwace ta da kuma haramta wa mai laifi riƙe wata. A dokar Ingila da Wales ta 2006 kotu na iya hana mutum mallakar dabba, ko kiwonta, ko sa hannu a kiwonta, ko cinikinta, ko jigilarta, na wasu shekaru ko har ƙarshen rayuwarsa, kuma idan alƙali ya zaɓi kada ya yi hakan dole ya bayyana dalilinsa a fili. Raunin wannan hukunci shi ne bibiya, domin abu ne mai sauƙi mutum ya mayar da dabbobin da sunan matarsa ko ɗansa, ko ya ƙaura zuwa inda ba a san shi ba. Jihar Tenesi ta Amurka ta buɗe rajistar masu laifin zaluntar dabbobi a 2016 don rage wannan, ko da yake rajista ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ƙwacewar ma tana da tata wahalar da ba a cika faɗa ba. Dabbar da aka ƙwace shaida ce a shari'a, kuma har yanzu dukiyar wanda ake tuhuma ce, don haka ba a iya ba da ita ga wani sai an gama, shari'a kuwa na iya cin watanni masu yawa. Wanda ya ƙwace dawaki talatin ya ɗauki nauyin ciyar da dawaki talatin da yi musu magani duk tsawon wannan lokaci, kuma wannan kuɗi ne ke sa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi su kau da kai daga manyan laifuffuka. Jihohin Amurka da yawa sun tanadi cewa mai dabbar ya ajiye kuɗin kula da ita ko ya sallama ta, Sikotilan kuma a dokarta ta 2020 ta ba wa hukuma damar sama wa dabbar sabon gida bayan sanarwar makonni uku ba tare da jiran umarnin kotu ba, tare da damar ɗaukaka ƙara da biyan diyya.

Akwai kuma gagarumin giɓin da ya shafi dabbobin da suka fi kowanne yawa. Kusan duk waɗannan dokoki ba wahala gaba ɗaya suka haramta ba, sai wadda aka jawo ba tare da larura ko dalili karɓaɓɓe ba, kuma abin da manyan gonaki suka saba yi akan ɗauke shi a matsayin larura. Dokar tarayyar Amurka ta 1966 kan jin daɗin dabbobi ba ta shafi dabbobin da ake kiwo don abinci ba, dokar yanka ta 1958 kuma ba a aiwatar da ita a kan kaji, jihohi da dama ma sun keɓe duk wata al'adar kiwo da aka saba da ita daga dokar zalunci. A Tarayyar Turai, kafin haramcin da ya fara aiki a 2012, kazar ƙwai na iya ƙare rayuwarta a fili mai faɗin murabba'in santimita 550, wanda bai kai girman takardar A4 ba, sabon kejin da aka yarda da shi kuma ya ba ta 750. Mutumin da ya yi wa karensa haka za a gurfanar da shi, kamfanin da ya yi wa kaji dubu ɗari kuwa yana kan doka, wanda hakan ya sa ba za a zargi mai cewa an bar jaki ana dukan taiki ba.

Shari'ar da ta fi nuna yadda wannan sharaɗi ke iya juyawa ita ce ta 'yan tsaki a Jamus. Dokar ƙasar ta hana kashe dabba ko cutar da ita ba tare da dalili mai ma'ana ba, amma masu ƙyanƙyasar kajin ƙwai sun daɗe suna hallaka 'yan tsaki maza a ranar da suka fito, kimanin miliyan 45 a shekara, saboda ba sa yin ƙwai kuma ba sa ƙiba da sauri. A watan Yuni na 2019 babbar kotun harkokin mulki ta tarayya da ke Leipzig ta yanke cewa neman rage kashe kuɗi shi kaɗai ba dalili mai ma'ana ba ne, sai dai ta bari a ci gaba na ɗan lokaci har a kammala fasahar gane jinsin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Majalisa ta biyo baya da haramci, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2022, kuma yanzu masu ƙyanƙyasa a Jamus ko dai su tantance ƙwan kafin ya ƙyanƙyashe ko su yi renon mazan. Haramcin bai tsallaka iyakar ƙasar ba, don haka manomi na iya shigo da kajin da aka ƙyanƙyashe a maƙwabciyar ƙasa inda har yanzu ake hallaka 'yan uwansu maza, ya kuma sayar da ƙwansu a kasuwar Jamus ba tare da ya saɓa wa kowace doka ba.